Tarihin Marigayi Likita Mila Na Zariya

A yammacin birnin Zariya, kusa da dutsen Kufena, akwai wani gari ana ce da shi Wusasa. A cikinsa akwai tsohuwar majami'a ginin ƙasa irin na magina Hausawa, da asibiti, da makaranta. Garin ba shi da girma, amma ya fid da mutanen da suka riƙe manyan muƙamai a ƙasar nan. Tarihinsa kuwa ba ya faɗuwa sai an ambaci sunan wani Bature, Likita Walter Miller, watau Likita Mila, wanda ya zo ƙasar Hausa yana saurayi, ya tsufa a cikinta, aka kuma binne shi a Arewa. Mabiya addinin Kirista sun riƙe cewa Allah ba ya saɓa alkawari, sai dai Yana cika shi a lokacin da Ya ga dama, ta hanyar da Ya ga dama. Rayuwar wannan mutum ta shekara 80 ta zama gwaji mai tsanani ga wannan bangaskiya, gama kusan duk abin da ya nema bai zo masa a ranar da ya sa rai ba, bai kuma shigo ta ƙofar da ya tsare ba.

Haihuwarsa Da Karatunsa

An haifi Walter Miller a shekarar 1872 a garin Honiton, cikin lardin Devon na ƙasar Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew da ke birnin Landan. Da ya gama, maimakon ya zauna gida ya nemi dukiya da sana'arsa, sai ya ba da kansa ga ƙungiyar Mishan ta Cocin Ingila wadda aka fi sani da C.M.S.

A wannan zamani labarin ƙasar Hausa ya cika kunnuwan Turawan Mishan. Tun a 1841 wani Bajamushe mai suna Schön ya biyo jirgin bincike na kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther, ya fara tattara kalmomin Hausa. Daga baya ya sami taimakon Dorugu, wani yaro Bahaushe na ƙasar Damagaram wanda matafiyin nan Barth ya kai Turai, har ya fassara waɗansu sassa na Linjila. A 1891 kuma aka kafa wata ƙungiya a Ingila don nazarin harshen Hausa, bayan rasuwar John Alfred Robinson a Lakwaja. Turawan nan sun ji an ce akwai wata al'umma mai birane masu ganuwa, mai rubutu da fatauci, wadda harshenta ke tafiya daga Kwara har Bahar Rum, sai suka ɗauka cewa idan ta karɓi saƙonsu, to, ita za ta kai shi ko'ina cikin ƙasashen Sudan.

Tun da yake babu halin shiga ƙasar Hausa a lokacin, sai aka tura Mila birnin Tarabulus a ƙarshen shekarun 1890 don ya koyi harshen. Zaɓen wannan wuri yana da dalili. Ayarin fatake yakan tashi daga Kano ya bi ta ƙasar Daura da Damagaram da Agadas, ya ratsa hamada ta Gat da Gadamas, ya sauke kaya a Tarabulus, mahajjata kuma sukan bi sawunsa. Saboda haka akwai Hausawa da dama zaune a can. A cikinsu ne Mila ya gamu da wani yaro Bakatsine mai suna Abdul Majid, ana kiransa Audu, wanda ya taso da mahaifinsa za su aikin haji, mahaifin ya rasu a hanya. Shaƙuwa ta shiga tsakaninsu, daga baya yaron ya zama kamar ɗa a gidansa, ya kuma taimake shi ƙwarai wajen gyara Hausarsa.

Tafiyar Kano

A farkon shekarar 1900, wadda a ranar farko ta cikinta Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ayarin Turawan Mishan biyar ya tashi daga Ikko a ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell. Sauran su ne Mila, da Richardson, da Dudley Ryder, da Burgin. Suka ratsa ƙasar Yarbawa, suka ƙetare Kwara, suka iso Zariya inda Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da mutunci. Amma zuciyarsu na Kano, ba su kuwa saurari masu ba su shawarar su dakata ba.

Sarkin Kano Aliyu Babba bai yi maraba da su ba. Ya nuna musu a fili cewa ƙasarsa tana da addininta da Littafinta, ba ta bukatar makarantarsu, ya kuma yanka musu 'yan kwanaki su fita. Wanda ya duba halin da ake ciki a lokacin ba zai yi mamakin Sarki ba. Sojan Turawa sun riga sun ci Bida da Ilori a 1897, kowa kuma ya lura cewa inda Bature ɗaya ya sa ƙafa, waɗansu na tafe a bayansa. Ba a cika shekara uku ba kuwa sai ga sojan Lugga a ƙofar Kano, a watan Fabrairu na 1903.

Ayarin ya juyo ya sauka a Girku, wani ƙaramin gari a kudancin Zariya. A nan wahala ta taru musu. Ryder ya kwanta ciwo ya rasu, gobara ta cinye masaukinsu, sauran kuma rashin lafiya ya warwatsa su. Tafiyar da aka yi ta shelarta a majami'un Ingila ta ƙare da kabari ɗaya da toka. Da yawa sun ɗauka magana ta mutu ke nan, amma Mila ya sake komowa Girku ya zauna, yana ba da magani, yana ƙara koyon harshe, yana jiran a buɗe masa ƙofa.

Zama A Birnin Zariya

Cin ƙasar da Turawa suka yi bai sauƙaƙa masa al'amari ba. Bayan an ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta sa baki cikin addinin Musulunci ba, Razdan-Razdan kuma suka tsare wannan alkawari, suka hana Turawan Mishan kafa gida a ƙasashen sarakunan Musulmi. Kano da Katsina da Daura da Sakkwato duk suka zama a rufe gare shi. Zariya kaɗai aka yi masa rangwame, inda ya shiga birni a 1905 zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, ya zauna a Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta.

Lugga ya san darajar Hausarsa, yakan kuma nemi taimakonsa wajen juya dokokin gwamnati. Mila na cikin waɗanda suka matsa a riƙa rubuta Hausa da baƙaƙen boko a harkokin mulki maimakon ajami. Wannan shawara har yau masana suna jayayya a kanta, gama ta sauƙaƙa ɗab'i, amma ta mai da dubban malamai masu ajami kamar waɗanda ba su iya rubutu ba a idon ofis. Ya kuma tsara wa gwamnati shirin makarantar 'ya'yan sarakuna da ta malamai. Kafin shirin ya tsaya da ƙafarsa Lugga ya bar Arewa a 1906, wanda ya gaje shi kuwa bai amince a danƙa 'ya'yan Musulmi a hannun ɗan Mishan ba. Makarantar da Mila ya yi mafarkinta sai aka buɗe ta a Nasarawa ta Kano a 1909, a hannun Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, wanda shi ma dā ma'aikacin C.M.S. ne kafin ya koma aikin gwamnati.

Shekaru suka yi ta wucewa. Mutanen birni suna zuwa karɓar magani, suna yaba hannunsa, suna komawa masallatansu. Waɗanda suka karɓi addininsa 'yan ƙalilan ne, yawancin yaran gidansa kuwa marayu ne da 'yantattun bayi. Kiristoci sukan ƙarfafa zuciyarsu a irin wannan hali da labarin Annabi Ibrahim kamar yadda ya zo a Littafinsu, cewa an yi masa alkawarin zuriya yana da shekara 75, bai ga Ishaku ba sai da ya cika 100. Sai dai Mila ba mutum ne mai sanyin hali ba. Yana da zafin rai da kaifin harshe, ba ya ganin abin da ya ɗauka kuskure ne ya yi shiru, ko a gaban Razdan, ko a gaban shugabannin ƙungiyarsa. Jiran da ya yi ba irin na mai kwanciyar rai ba ne, na mutum ne wanda kullum yake bugun ƙofa, ana ce masa ba yanzu ba.

Zuwan Isawa

Abin da bai sani ba shi ne, akwai waɗansu mutane da suka riga shi fara jira tun ba a haife shi ba. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim, wanda ya zurfafa nazarin ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa, har ya ba shi wani matsayi da sauran malamai suka ga ya wuce iyaka. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano wajen shekarar 1867. Almajiransa, waɗanda aka sa wa suna Isawa, suka watse, waɗansu suka nufi duwatsun Ningi inda ikon Kano bai kai ba, waɗansu suka ɓuya a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau da Bauci. Bisa ga abin da zuriyarsu suka riƙe, malaminsu ya bar musu wasiyya cewa wata rana waɗansu mutane za su zo da cikakken labarin Annabi Isa, su jira su.

Suka jira shekara arba'in da 'yan kai. Tsofaffin da suka ji wasiyyar da kunnensu suka yi ta mutuwa, 'ya'yansu suka gāje ta. A shekarar 1913 waɗansu samari daga cikinsu suka shigo Zariya, suka nemi gidan Baturen da aka ce yana da Linjila da Hausa. Shekara 13 ke nan bayan an kore shi daga Kano. Mila ya bi su ƙauyukansu, ya tarar da mutane masu karatun allo, masu tambayoyin da ya daɗe yana begen wani ya yi masa. Ba dukan Isawa ne suka bi shi ba, waɗansu sun tsaya a kan tafarkinsu na dā. Amma waɗanda suka bi shi su ne suka zama ginshiƙin jama'ar Hausawa Kirista ta ƙasar Zazzau. Ga Mila da abokan aikinsa wannan al'amari ba shi da wata fassara sai cikar alkawari, gama girbin ya fito ne daga gonar da ba su suka share ta ba.

Annobar Gimi

Murnar ba ta daɗe ba. Aka samo wa sababbin masu bin wuri a Gimi, a ƙasar Zazzau, don su taru su yi noma su yi ibada tare, aka sa wani fasto baƙar fata daga tsibiran Amurka mai suna W. A. Thompson ya zauna da su. Suka gina gidaje da majami'a da makaranta. Ashe kurmin rafin da suke ɗiban ruwa cike yake da ƙudan tsando, mai ɗauke da ciwon barci. A lokacin ba a sami magani mai inganci ba tukuna. Cutar ta shiga gida gida, ta kwashe manya da yara, har ya zama dole waɗanda suka tsira su bar wurin. Wannan yanki ne daga baya gwamnati ta yi wa babban aikin sare kurmi da ta da ƙauyuka, aka gina sabon garin Takalafiya kusa da Anchau, amma wannan ya zo ne bayan Gimi ta zama kufai.

Likita ne shi, ga mutanen da suka jira shekara da shekaru suna mutuwa a gabansa, iliminsa bai tsinana musu kome ba. A nan ne bangaskiyar ta fi shan gwaji, domin wanda ya ce Allah ne Ya kawo su, dole ya amsa tambayar wanda ya ɗauke su. Abin da Mila ya yi shi ne ya kwashe yaran da suka rage zuwa makarantarsa ta Zariya, ya rene su, ya koya musu Turanci da lissafi, ya tura masu ƙwazo gaba. Daga cikin wannan ragowa ne zuriyar da za ta yi suna ta fito.

Rikici Da Ƙaura Zuwa Wusasa

Zamansa a birni bai rasa ƙura ba. Ya yi ta kai ƙarar abin da ya gani na zalunci da cinikin bayi a ɓoye, rahotanninsa kuma na cikin abin da ya jawo Turawa suka tuɓe Sarki Aliyu Ɗan Sidi a 1920, suka kai shi Lakwaja. Sarki Aliyu malami ne, mawallafin waƙoƙin da har yau ake karantawa, Zazzagawa da yawa kuwa ba su yafe wa Mila hannun da ya sa cikin wannan al'amari ba. Wata ƙasida kuma da 'yar'uwarsa Ethel ta buga a kan Musulunci ta ɓata wa Musulmi rai ƙwarai, ta ƙara wa wutar itace. Daga ƙarshe fada da gwamnati suka haɗu a kan cewa Mishan ta fita daga cikin ganuwa.

A 1929 aka ƙaura zuwa Wusasa a ƙarƙashin Guy Bullen. Aka gina majami'a aka sa mata sunan St. Bartholomew, sunan asibitin da Mila ya yi karatu, aka kafa asibitin St. Luke da makaranta. Shi kuwa Mila bai so wannan ƙaura ba ko kaɗan, a ganinsa an ba da wurin da ya yi shekara 24 yana tsarewa. Ya bar Zariya da ɓacin rai ya koma Kano, birnin da aka kore shi yana saurayi, ya duƙufa a kan aikin da ya fara tun yana Girku.

Fassarar Littafi Mai Tsarki

Wannan aiki shi ne juya Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya zuwa Hausa, daga Attaura da Zabura har Linjila. Ba shi kaɗai ya yi ba. Akwai Turawan waɗansu ƙungiyoyi irin su S.I.M. da S.U.M., akwai kuma Hausawan da suka zauna da shi suna auna kowace kalma, suna gaya masa abin da Bahaushe zai faɗa da abin da ba zai faɗa ba. Amma shi ne uban aikin. A shekarar 1932 ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Ingila ta fito da shi, shekara 32 bayan tafiyar Kano. Wannan fassara ce aka yi ta karantawa a majami'u kusan shekara 50 kafin a fito da sabuwa.

A nan ma al'amarin bai bi tsarinsa ba. Ya yi fassarar ne yana hangen malaman birane, sai ga shi waɗanda suka fi rungumarta su ne kabilun ƙasar Jos da kudancin Zazzau da Bauci da Adamawa, waɗanda Hausa ba harshen iyayensu ba ne. Da yake harsunansu suna da yawa, Hausa ta zama harshen wa'azi da waƙa da karatun yaƙi da jahilci a majami'unsu. Ta haka littafin Mila ya shiga cikin abubuwan da suka yaɗa Hausa a wuraren da dā ba ta da ƙarfi. A ƙasar Katsina da Kano kuwa, sai a shekarun 1930 sarakuna suka yarda Turawan Mishan su kula da kutare, kamar yadda aka yi a Babbar Ruga kusa da Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Daga baya Maguzawa da dama na wajen Malumfashi da Kafur suka shiga addinin Kirista, suka tarar da Littafi a harshensu yana jiransu.

Ƙarshen Rayuwarsa

Mila ya ajiye aikin C.M.S. a 1935, amma bai iya rabuwa da ƙasar nan ba. Ya rubuta littattafai da Turanci, ciki har da na tunawa da aikinsa wanda ya fito a 1936, da wani a 1947 inda ya tuhumi mulkin Turawa da laifin barin talakan Arewa a baya wajen ilimi, da ɗaure wa En'e gindi ko ta yi ba daidai ba. Ya ƙare kwanakinsa a Bukuru yana koyar da Hausa. Ya rasu a 1952, aka binne shi a Jos.

Kafin ya rasu ya ga somin-taɓin amfanin gonarsa. Likita Barau Dikko, ɗaya daga cikin yaran da suka tashi a hannunsa, ya yi karatu a Jami'ar Birmingham ya zama likita na farko ɗan Arewa, shi ne kuma shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa da aka kafa a Kaduna a 1949, inda ya zauna da Musulmi 'yan'uwansa irin su Malam Abubakar Imam da Malam Aminu Kano. Babban asibitin da ke Kaduna yana ɗauke da sunansa. John Tafida kuma ya haɗa hannu da Rupert East suka rubuta littafin Jiki Magayi. Sauran kuwa sun zo ne bayan ƙasa ta rufe idonsa. A shekarar 1966 Likita Ishaya Audu, wanda ya fito daga zuriyar Isawa, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, a cikin shekarar kuma Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa inda mahaifinsa ke aikin bishara, ya zama Shugaban Ƙasa, ya riƙe mulki har 1975. Garin da Mila ya ƙi a koma shi ne ya raya sunansa.

Biranen da ya zo dominsu, Kano da Katsina da Daura da Zariya, suna nan a kan Musuluncinsu, ta wannan fuska burinsa bai cika ba. Amma ya bar littafi, ya bar makaranta, ya bar jama'a 'yar kaɗan wadda ta yi wa Arewa duka hidima, Musulmi da Kirista. Kiristocin Wusasa sukan ce Allah Ya biya bawansa a lokacinSa, ba a lokacin bawan ba. Maƙwabtansu Musulmi, ko da yake sun saɓa da su a kan aƙida, ba baƙi ba ne ga wannan magana, gama su ma sun san kome yana da ajalinsa, rabon mutum kuma ba ya wuce shi. Ma'aikacin da ke ganin an manta da shi a ofis, da ɗalibin da ke ganin hanya ta yi nisa, za su iya tuna cewa mutumin nan ya yi shekara 13 kafin a ƙwanƙwasa masa ƙofa, ya yi 32 kafin ya riƙe littafinsa a hannu, bai kuwa ajiye aiki ba a tsakani.